Ginin Ƙasa da Sada Ya Raina

Sada da Abdulbaƙi 'ya'yan wa da ƙane ne. A gida ɗaya suka tashi cikin garin Daura, gidan da aka san shi da gini tun kaka da kakanni. Sada ya girme shi da shekara huɗu. Suna yara tare suke bin iyayensu bakin kududdufi, su taka ƙasa da ciyawa, su mulmula tubali, su jera a rana. Da Sada ya kai shekara goma sha tara sai ya ce shi kam ya gaji da laka. Ya bi wani birkila zuwa Kano, ya yi shekara shida, ya dawo da hannu mai kyau a aikin siminti. Bai daɗe ba ya kafa gidan bulo a bakin hanyar Mai'adua, ya sa inji mai shan gas wanda ake jin ƙararsa tun daga nesa. Duk wanda zai yi ginin zamani a wannan yanki, da wuya bai biyo ta wajensa ba.

Abdulbaƙi kuwa ya zauna inda aka bar shi. Yau gyaran soro, gobe ɗaga rumbu, in damina ta gabato a kira shi yaɓe. Aikin kullum raguwa yake yi, don duk wanda ya samu hali sai ya rushe ginin ƙasa ya sa bulo da kwano. Sada bai taɓa ƙin ɗan'uwansa ba. Yana ma jin daɗin kyautata masa. In Sallah ta zo yakan aika wa Haulatu, matar Abdulbaƙi, da turmin atamfa, in ya yanka rago ya ware musu cinya. Shekara ashirin ana haka, hannun Sada a sama, na Abdulbaƙi a ƙasa, kuma Sada ya saba da hakan har bai san ya saba ba.

Wata rana da hantsi, cikin bazara, mota ta tsaya a gidan bulon. Wata mata ta fito da takardu a naɗe a hannunta, ta ce sunanta Amatullahi, 'yar Dutsi ce, zanen gine-gine ta karanta. Wata ƙungiya ce ta ba ta aikin gina ƙaramin asibitin haihuwa a Unguwar Yelwa, wani ƙauye da ke bayan Dutsi, aka kuma ce mata in tana neman wanda ya san magina, ta zo wajen Malam Sada. Sada ya sa aka kashe injin, ya kawo mata kujera. A zuciyarsa ya riga ya karɓi aikin.

Ta shimfiɗa takardun ta yi masa bayani. Ƙauyen babu wutar lantarki. Ɗakin shan maganin da suke da shi na bulo ne da kwano, in rana ta take sai mata su gwammace kwanciya a gindin darbejiya da su shiga ciki. Janaretan da aka saya musu mai yake sha kamar ruwa, ga hayaƙi. Ita so take ta yi gini da ƙasa, bango mai kauri, tagogi a can sama don zafi ya riƙa fita, rufi mai dogon baki da zai yi wa bango inuwa, sannan a ɗora farantan sola don fitila da firjin allurar rigakafi. Ta ce masana'antar siminti na cikin masu zuba hayaƙin da ke ɗumama duniya, saboda haka ba za ta sa shi ba sai inda ya zama dole, wato a harsashin ginin.

Sada ya saurara har ta gama, sannan ya yi dariya.

"Injiniya, mutane gudun ƙasa suke yi, ke kuma kin yi karatu kin dawo kina nemanta. In laka kike so, akwai ƙanena Abdulbaƙi a cikin gari. Shi har yanzu bai wanke ƙafarsa ba."

Da wasa ya faɗa. Ita kuwa ta ciro biro ta rubuta sunan, ta tambayi kwatancen gidan, ta yi godiya ta tafi.

Bayan wata biyu Sada ya kai bulo wani gida kusa da Dutsi, sai ya ce wa direba su biya ta Unguwar Yelwa, wai yana son ya ga wani fili. Ginin ya kai ƙugu. Ya tsaya a inuwar motar yana kallo. Abdulbaƙi na tsugune gaban tarin jar ƙasa, ya ɗebo ya jiƙa, ya murza ta tsakanin tafukansa har ta yi tsawo kamar igiya, ya ɗaga yana nuna wa Injiniya inda ta tsinke. Yana magana, ita kuma tana rubutawa a littafi. Mace mai digiri, tana rubuta maganar Abdulbaƙi. Abin da ya tsaya wa Sada a rai ke nan. Shekararsa ashirin yana gini, ya yi wa manyan mutane benaye, ba wanda ya taɓa rubuta abin da ya faɗa. Ga shi kuma wannan murza ƙasar shi ma ya san ta, a gabansa baffansu ya koya musu, shi ne ma ya riga iyawa.

Abdulbaƙi ya hango shi, ya taso da murna yana goge hannu a riga, ya ce Yaya ya shigo ya duba masa harsashin ko ya yi daidai. Sada ya ce sauri yake yi, wata rana dai.

Da aka buɗe asibitin, magana ta bazu. Wani gidan rediyo ya yi hira da Abdulbaƙi, aka ji muryarsa yana in'ina yana bayanin azara da kaurin bango. Ɗalibai suka zo da bas suna ɗaukar hoto. A majalisar da Sada ke zama bayan la'asar, sai da aka yi mako guda ba a yi wata hira ba. Sada yakan ce ai abin a yaba ne, sannan ya ƙara da cewa a dai jira damina ta yi magana. Da, in za a kwatanta Abdulbaƙi, sai a ce ƙanin Sada mai bulo. Ran nan wani baƙo ya zo sayen bulo, ya dube shi ya ce ashe shi ne yayan Abdulbaƙi magini. Sada ya ce e, shi ne. Ya kasa cin abincin rana.

Damina ta zo ta wuce, ba ta yi maganar da yake jira ba.

Bazarar da ta biyo baya, 'yarsa Lami, wadda ke aure a wani ƙauye kusa da Unguwar Yelwa, ta haihu a asibitin. Matarsa Maijidda ta je ta yi kwana biyu a can. Ranar da ta dawo an ɗauke wuta, fanka na tsaye, kwanon gidansu ya ɗauki zafi har silin na huci. Ta zauna a tsakar gida tana fifita da murfin kwano, tana ba shi labari. Ta ce ɗakin kamar cikin randa. Ta ce da azahar ma mai jego barci take yi, jariri ko kuka, ga fitila ba ƙarar janareta, ga ruwan sanyi. Ta ce da ma ɗakinta haka yake. Ba da wata manufa ta faɗa ba, Sada ya san haka, amma sai ya ji kamar ta ɗauki gidan da ya gina mata da hannunsa ta ajiye a gefe.

Kashegari ya je ganin jikansa. Yana sa ƙafa a ɗakin jikinsa ya gaya masa gaskiya, gumin da ke bayansa ya fara sanyi. Ya karɓi jaririn ya yi masa addu'a, amma idonsa na kan bango yana neman aibu. Ya samu wata 'yar tsaga a gefen taga, siririya kamar gashi. Ya yi farin ciki da ita har ya ji kunyar kansa. Duk da haka ya kai labarinta majalisa, ya ce ginin ya fara buɗewa. Wani malamin makaranta da ke zaune ya ce ai ya gani, a yaɓe take kawai, an ma shafe ta. Aka ci gaba da wata hirar.

Daga nan ne Sada ya ƙudura zai nuna wa mutane abin ba komai ba ne. A bayan gidan bulonsa akwai fili. Ya sa aka haƙa ƙasar wurin, ya zuba a injinsa, ya buga bulon ƙasa, ya ɗaga ɗaki guda a mako biyu. Bai tambayi kowa ba. Da ya damƙi ƙasar ya ji tana da yashi da yawa, wani abu a ransa ya ce a je a ɗebo jar ƙasa, amma ramin da ake ɗebo ta Abdulbaƙi ne ke aiki a wurin, kuma Sada ba ya son a gan shi. Ya yi rufi irin wanda ya saba, mai gajeren baki. Ɗakin ya yi kyau a ido, layinsa a miƙe, kusurwarsa kamar an yanka da wuƙa. Yakan kai masu sayen bulo su leƙa, ya ce musu ga shi nan, ba sai an shiga rediyo ba.

Ruwan farko da na biyu ba su yi ƙarfi ba. Na uku ya zo da yamma, hadari ya haɗo daga gabas da iska. Sada da ma'aikatansa suna fake a rumfa suna kallon ruwa na dukan bangon gabas, bangon na zubar da jan ruwa kamar ana wanke shi. Kafin ruwan ya tsagaita bangon ya durƙusa, rufin ya biyo shi. Ba wanda ya ji ciwo. Baro ɗaya da duron ruwa ne suka lotse.

Da safe Abdulbaƙi ya zo jaje a kan babur ɗinsa. Ya gaishe shi, ya zagaya wurin, ya tsugunna ya ɗebi ƙasar ya dunƙule a hannu. Da ya buɗe hannun sai ta warwatse. Sada na tsaye yana jiran maganar. Abdulbaƙi ya kakkaɓe hannunsa ya miƙe.

"Allah ya kiyaye gaba, Yaya. Tunda ba a rasa rai ba, da sauƙi."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya taya su janye kwanon rufin, ya hau babur ya tafi. Sada ya so a ce Abdulbaƙi ya yi masa dariya, ko ya ce ai da ka tambaye ni. Da ya samu abin riƙewa. Wannan kawaicin ya fi masa ciwo, ya kuma daɗe yana yi masa ciwo.

Bayan kaka, wata Juma'a da aka sauko daga masallaci, Abdulbaƙi ya biyo shi gida. Suka zauna a zaure, ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya fito da abin da ya kawo shi. Ya ce Allah ya buɗa masa, ya samu fili a bayan gari, yana son Yaya ya gina masa gida. Na bulo da kwano, irin na Yaya.

Sada ya zaci bai ji daidai ba. Ya ce, shi da ake zuwa kallon ginin ƙasarsa daga garuruwa?

Abdulbaƙi ya sunkuyar da kai. "Yaya, shekara ashirin ina wucewa ta ƙofar gidan nan ina kallon fentinsa. Haulatu ba ta taɓa yi mini gori ba, amma in 'yan'uwanta za su zo sai na ga tana rufe bango da zani. Na gaji da a ce gidan magini ne ake yaɓewa duk shekara."

Wani daɗi ya ratsa Sada tun daga ƙirji har ƙafa. Ashe duk shekarun nan ana kallonsa. Ya ce ba komai, ai wannan aikin gida ne, da kansa zai tsaya. Bayan Abdulbaƙi ya tafi ya zauna shi kaɗai yana murmushi. Can kuma wani tunani ya zo masa, wanda ya fi na farko daɗi. Ya Injiniya za ta ji in ta san gwanin nata bai yarda da ginin da yake yi wa mutane ba?

Bai jira da yawa ba. Kwana biyar bayan haka Amatullahi ta zo neman dutse da siminti na harsashin wata makaranta da za su fara. Sada ya bari sai da ta tashi tafiya, sannan ya saka maganar kamar ta faɗo masa ne. Ya ce ai mutumin nata ma ya dawo hanya, gidan bulo da kwano zai yi wa kansa. Ya zuba mata ido yana jiran ya ga fuskarta ta canja.

Ta ce ba ta ga laifin Abdulbaƙi ba. Ta ce ita ma mahaifiyarta a Dutsi ta hana ta gina mata ɗakin ƙasa, ta ce ba za ta tura 'ya makaranta ba sannan a ce a laka ta ƙare. Ta ce kuskurenta ne da ta yi ta maganar hayaƙi da zafi, ba ta taɓa tambayar matan da ke share ɗakunan me suke so ba. Ta tambaye shi ko Haulatu na gida da rana.

Ta je. Daga baya Maijidda ta ba Sada labari, don Haulatu ta gaya mata komai. Injiniya ta zauna a tabarma fiye da awa biyu, ta tambaye ta mene ne take ƙi a ɗakin ƙasa. Haulatu ta ce ƙurar da ke zubo mata a kwanuka, da gara, da yaɓen shekara-shekara, da yadda gaban gidan ba ya nuna mutum ya samu. Da aka tambaye ta zafi fa, sai ta ce gaskiya in ta je gidan Maijidda da bazara ba ta iya daɗewa. Wannan ɓangaren Maijidda ta faɗe shi tana dariya. Sada bai yi dariya ba.

Bayan mako biyu suka zo masa su biyu da sabon zane. Harsashi na dutse da siminti har zuwa gwiwa. Bango na jar ƙasa da aka matse a inji da ɗan siminti kaɗan, mai santsi, wanda ba ya son yaɓe. Daɓen tayil, gaban gida da fenti, rufi mai dogon baki da sarari a ƙarƙashinsa don iska ta wuce, sola a sama. Injiniya ta ce ba wanda zai iya buga bulon ya fito daidai da jera shi a miƙe kamar Malam Sada, ta ga ɗakin nan nasa kafin ya faɗi, aikin hannu ba shi da laifi, ƙasar ce da rufin. Abdulbaƙi zai zaɓi ƙasa, Sada ya buga. Ta ce akwai injin matsa bulo na hannu da ƙungiyarsu za ta ba shi aro, ba ya shan mai.

Sada ya duba zanen ya daɗe. Ya ga gidan zai fi nasa. Ya kuma ga cewa da bakinsa ya jawo. Ya nemi hanyar ƙi bai samu ba, don ya riga ya ce aikin gida ne.

Wata huɗu suka yi. Kullum da safe Abdulbaƙi zai zo ya duba ƙasar da aka kawo, wani lokaci ya ce a mayar da mota guda, kuma dole Sada ya yi shiru a gaban ma'aikatansa. Sau da yawa ya ji kamar ya saki aikin ya yi shi yadda ya ga dama. Amma hannunsa bai iya aikin banza ba. In layi ya karkace ko da yatsa ɗaya ne sai ya sa an sauke. Gidan ya tashi ja wur, kyakkyawa, masu wucewa a babur suna rage gudu.

Ranar da suka tare aka yi 'yar walima da hantsi. Sada ya sa babbar riga ya je, ya zauna a zauren da ya gina, iska na shigowa ta sama tana sauka a wuyansa. Wani attajirin shanu daga Mai'adua ya shafa bango ya ce wa Abdulbaƙi hannunsa akwai albarka, bai taɓa ganin layin bulo haka ba. Abdulbaƙi ya ce ai ba shi ba ne, yayansa ne, ga shi can zaune. Attajirin ya juyo ya yi wa Sada sannu da aiki, sannan ya koma ya ci gaba da tambayar Abdulbaƙi yaushe zai samu lokaci ya zo ya ga filinsa.

Sada bai jira abinci ba. Ya ce kansa na ciwo, ya koma gida.

Maijidda ta dawo bayan azahar ta same shi kwance a tabarma a gindin bishiyar tsakar gida. Ta ajiye masa kwanon da Haulatu ta aiko, ta zauna a gefe. Can ya ce mata akwai abin da ke damunsa. Ya ce Abdulbaƙi bai taɓa yi masa komai ba sai alheri, kuma tun da aka fara bulon ƙasan nan masu nema sun ƙaru, shi ma yana samu. Amma in ya ji an yabi yaron nan sai ya ji kamar an ɗebi wani abu daga jikinsa. Ya ce ya yi addu'a a kai, har a sujada, abin bai tafi ba.

Maijidda ba ta nuna mamaki ba. Ta ce shekararsa hamsin da ɗaya, Abdulbaƙi arba'in da bakwai, ya daina ce masa yaro, watakila a fara daga nan. Ta ce sauran kuma ya ci gaba da addu'a, tunda dai ciwon bai hana shi yi masa aiki mai kyau ba. Ta buɗe kwanon ta tura gabansa.

Shinkafa ce da naman kaza. Sada ya dube ta ya ce an cika mata mai. Ya wanke hannu ya ci, bai rage ba. Da la'asar ya tashi ya tafi gidan bulo, don akwai motar jar ƙasa da za ta iso, kuma Abdulbaƙi ya ce zai biyo ya duba ta kafin a sauke.